Gargaɗi ga masu komawa askin reza ɗaya: ku kula da mai ce muku "hannunka ne bai faɗa ba"

Jama'a, sai da na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na rubuta ta, domin ba na son in kashe wa kowa gwiwa a kan abin da ni kaina nake ƙauna. Aski da gidan reza na ƙarfe, mai ɗaukar reza ɗaya mai baki biyu, da burushi da sabulu, shi ne ya raba ni da ƙurajen da suka addabi wuyana shekara da shekaru. Amma kafin in kai ga wannan sauƙi sai da wani mai sayar da kaya a intanet ya cuce ni, ya kuma sa na yi makonni ina zargin hannuna a kan laifinsa. Har yanzu yana nan yana yi wa wasu, shi ya sa na ga yin shiru bai dace ba.

Abin da ya ja ni tun farko shi ne abin da ke jan mafi yawanmu. Mai gashi murɗaɗɗe ya san azabar abin aski mai reza uku ko biyar. Ta gaba tana ɗan jan gashin, ta baya ta yanke shi, sai ya koma ƙasa da fata. Idan ya tashi tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fatar, ƙurji ya fito. Likitocin fata sun daɗe suna ba masu wannan matsala shawarar komawa reza ɗaya. Da na fara bincike sai na tarar abin ma tsoho ne. King Camp Gillette ya sami rajistar mallakar ƙirarsa a Amurka a 1904, kuma da irin wannan gidan reza maza suka yi ta aski har aka fito da mai reza biyu a 1971. Wannan tsufa shi ne ke sa mutum ya saki jiki, shi ne kuma ɗan damfara yake fakewa da shi.

Tallar ta biyo ni ne a shafukan sada zumunta, bayan na yi kwanaki ina neman bayani. Hoto mai kyau, akwati mai kyau: gidan reza, burushi, sabulu, dutsen alimun, da reza ɗari. An rubuta cewa ƙirar Solingen ce ta Jamus, ƙarfen da ba ya tsatsa ne zalla, burushin kuma na gashin wata dabba ce 'yar'uwar dage, wanda masu wannan harka ke ɗauka a matsayin mafi laushi. A ƙasa akwai agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin rangwame ya ƙare. Na yi masa magana, ya amsa cikin minti biyu, da ladabi kamar ya san ni. Ya ce, "Yallaɓai, idan ka biya ta shafin za su cire kasonsu, turo mini kai tsaye in ƙara maka reza hamsin." Na tura. A nan ne na fita daga duk wata kariya da mai saye yake da ita, ban sani ba.

Kaya sun iso, ba zan ce ba su iso ba. Ai da bai turo komai ba da tun ranar na gane da wa nake hulɗa. Gwanintarsa ita ce yana turo abin da ya yi kama da na hoton.

Na jiƙa fuska da ruwan ɗumi, na buga kumfa, na ɗora rezar a kunci yadda na karanta: a kwantar da ita kamar digiri 30, kada a danna, a bar nauyin ƙarfen ya yi aiki, a bi hanyar da gashi ya kwanta. Ja na farko lafiya. Da na juya ɗaya bakin sai na ji kamar an ja mini ƙaya a fata. Kafin in gama kunci ɗaya jini ya ɗigo wuri huɗu, kumfar ta koma ruwan hoda. Da na shafa alimun, raɗaɗin ya kai har idona ya kawo ruwa.

Na rubuta masa. Ga amsar da ya ba ni, kuma ita ce zuciyar damfarar gaba ɗaya: "Ɗan'uwa, haka kowa yake farawa. Hannunka ne bai faɗa ba. Ka ba shi wata ɗaya ko biyu." Abin takaicin shi ne maganar tana da kama da gaskiya. Duk wanda ya iya wannan aski zai gaya maka cewa sabon shiga yakan yanke kansa a makonnin farko, saboda ya saba dannawa da abin aski na roba. To mutumin nan ya ɗauki wannan shawara ta gaskiya ya mai da ita garkuwa. Sabon shiga ba shi da abin da zai kwatanta da shi, bai taɓa riƙe na ƙwarai ba, don haka idan an ce masa laifin hannunsa ne sai ya yarda. Yana ta haƙuri yana yanke fuska, kwanaki suna tafiya, wa'adin mayar da kaya ko kai ƙara banki yana ƙarewa. Ni mako shida na yi a haka. Kowace safiya ina rage matsi, ina sauya kwanciyar hannu, ina ƙara ruwa a kumfa, wuyana kuwa ya fi yadda yake a da lalacewa.

Wani abokin aikina, dattijo da ya haura shekara talatin yana aski da irin wannan, shi ya lura da wuyana ya tambaye ni. Washegari na kawo masa kayan. Bai ce komai ba, ya sa reza a ciki, ya ɗaure, ya ɗaga saitin taga ya ce in leƙo. A bakin dama rezar ta leƙo siririya kamar zare, a bakin hagu ta fito kusan ninki biyu, kuma a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya kwance ya sake ɗaurewa, sai karkatar ta koma wani gefen. 'Yan ƙusoshin da ya kamata su riƙe rezar daram sun yi wa ramukanta kaɗan, tana ta rawa a ciki. Ya ce mini, "Malam, wannan ko ni na ɗora a fuskata sai ta yanke ni." Gwajin bai ɗauki minti ɗaya ba. Ina roƙon duk wanda ya sayi sabon gidan reza ya yi shi kafin ƙarfen ya taɓa fatarsa: sa reza, ɗaure, duba a haske, baki biyun su fito daidai kuma a miƙe.

Daga nan sauran ƙaryar ta riƙa warwarewa. A gindin murfin, inda ake ɗaura mariƙi, ruwan kurom, wato rufin nan mai sheƙi, ya fara ɓarewa, ƙarƙashinsa wani toka-toka mai gari-gari. Wannan shi ake kira zamak, gamin tutiya da alminiyam da magniziyam da jan ƙarfe. A nan ina so in yi adalci: zamak shi kansa ba abin kunya ba ne. Kamfanoni masu mutunci irin su Merkur na Jamus da Edwin Jagger na Ingila suna amfani da shi a kawunan wasu kayansu, su yi masa rufi mai kauri, ya yi shekaru yana aiki. Laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma da rufi siriri da ruwa zai ratsa cikin makonni. Da zarar ruwa ya shiga, zamak yakan ruɓe daga ciki har ƙusar da ake ɗaura mariƙi a kanta ta karye.

Kada kowa ya dogara da gwajin maganaɗisu, na ga ana yawan ba da wannan shawara. Zamak ba ya kama maganaɗisu, haka nan ƙarfen da ba ya tsatsa samfurin 316L, wanda ake ƙera manyan gidajen reza da shi, shi ma kusan ba ya kamawa. Don haka gwajin ba zai raba maka su ba. Nauyi ya fi faɗin gaskiya. Zamak yana da nauyin kusan giram 6.6 a kowane santimita kubik, ƙarfen da ba ya tsatsa kusan 8, tagulla ta ɗan ɗara haka. Na ɗora nawa a ƙaramin sikeli, ya gaza abin da aka rubuta a talla da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda mariƙin ma holoƙo ne.

Sai maganar Solingen. Wannan gari ne a Jamus da ya yi suna da ƙirar wuƙaƙe, almakashi da kayan aski, har gwamnatin ƙasar ta kare sunan da doka. Dokar da ke aiki yanzu ta 1994 ce, kuma ta ce ba a buga sunan a kan kaya sai an yi dukkan muhimman matakan ƙirarsu a yankin. Kayan gaske suna zuwa da sunan kamfanin da ya ƙera su. Nawa babu sunan kowa, babu adireshi, sunan garin kawai aka buga a kwali, a jikin ƙarfen kuwa babu ko harafi ɗaya. Duk inda kuka ga an cika baki da sunan gari an ɓoye sunan maƙeri, ku tsaya ku tambaya.

Burushin ma na alade ne aka rina masa baƙin zobe a tsakiya don ya yi kama da na 'yar'uwar dagen da aka tallata. Dattijon ya gane shi daga taurinsa da yadda bakin gashin ya fara tsagewa biyu. Akwai kamfanoni irin su Omega na Italiya da Semogue na Fotugal da ke sayar da burushin gashin alade a fili, su rubuta a jiki, mai so ya saya, wanda addininsa ko ransa bai yarda ba ya kauce. Wannan mutumin ya hana ni wannan zaɓi, kuma har yau wannan ya fi yankan fuskar ci mini rai. Wanda yake son kwanciyar hankali ya nemi burushin zaren roba, na zamanin nan suna da laushi kuma suna bushewa da wuri. Idan kana shakka, ciro sili ɗaya ka kusanta shi da wuta: na roba zai narke ya dunƙule, na dabba zai ƙone ya yi ƙaurin gashi.

Rezojin kuwa an buga musu sunan wani fitaccen kamfanin Japan, amma rubutun ya dishe, wasu biyu-biyu suke manne a takarda ɗaya, guda uku na tarar da ɗigon tsatsa a bakinsu tun ba a buɗe ba. Tun da Wilkinson Sword ta fito da reza mai jure tsatsa a 1962, reza ta ƙwarai ba ta tsatsa a cikin takardarta. Ya kuma gaya mini cewa gidan rezarsa ba ya karɓar ta kowa sai tasa. Ƙarya ce tsagwaronta. Reza mai baki biyu girmanta ɗaya ne a ko'ina, ta Feather daga Japan, ta Derby daga Turkiyya, ta Lord daga Masar, duk suna shiga gida ɗaya. Wannan 'yanci shi ne rabin daɗin abin. Dalilin ƙaryar ya bayyana ne lokacin da ya ce in cike wani fom da lambar katina don ya aiko mini da "gyararren kai" kyauta, in biya kuɗin aikawa kawai. A ƙasan fom ɗin, da ƙananan haruffa, akwai yarjejeniyar cire kuɗin reza kowane wata. Allah ya sa na karanta. Da na tambaye shi, ya toshe ni.

Akwai abu ɗaya da ya shafi lafiya wanda ba zan tsallake ba. A shafinsa yana kuma tallar "tsofaffin Gillette na asali". Wanda zai sayi tsoho ya sani cewa tun farkon shekarun 1950 kamfanin ya riƙa buga harafi da lamba a ƙarƙashin kai, harafin yana nuna shekara, lambar tana nuna wane kwata na shekarar. A nemi hoton wannan wuri. Kuma duk tsohon gidan reza sai an wanke shi sosai an kashe ƙwayoyin cuta, rezar da aka tarar a ciki a jefar, domin ƙwayar cutar hanta samfurin B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsa, ya daina aski da kayan yau ɗin nan, ya bar fata ta huta. Ya ɗauki hoton tallar, da saƙonninsu, da hoton rezar a karkace. Idan da kati ya biya, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafin cewa kayan ba su ne aka siffanta ba, domin akwai wa'adi. Idan ya cike fom ɗin nan, ya sa a rufe katin. Ya kuma kai rahoton shafin. Ni da na tura kai tsaye ba a mayar mini da komai ba.

Dattijon nan ya ara mini tsohon gidan rezarsa na tagulla. Da hannun nan nawa da aka ce bai faɗa ba na yi aski washegari, sau biyu na bi fuskar, ban ga jini ba, alimun ma bai yi raɗaɗi ba sai ɗan kaɗan a ƙarƙashin haɓa.

Shafin mutumin ya ɓace bayan mun kai rahoto mu da yawa. Makon jiya na sake ganin sa da sabon suna. Hotunan su ne dai, akwatin shi ne, agogon rangwamen yana nan yana ƙirgawa, kuma a ƙarƙashin tallar wani bawan Allah ya rubuta cewa rezar tana yanka shi. An ba shi amsa cewa ya ƙara haƙuri wata ɗaya.