Kwabo mai huji da sunan Sarki Joji: na 1952 ne ko na kuskuren 1956?

Malam, ka ce na'urar gano ƙarfe ta yi maka kuka a wani tsohon filin awon gyaɗa, ka tona ka ci karo da jan kwabo mai huji a tsakiya. Gefe ɗaya kambi da GEORGIVS SEXTVS REX, ɗaya gefen tauraro mai tsini shida da BRITISH WEST AFRICA, shekarar kuma kamar 1956. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne Sarki Joji na Shida ya rasu tun watan Fabrairun 1952. To, yaya aka yi sunansa ya hau kuɗin 1956?

Tambayarka tana kan hanya, domin kwabo biyu ne ke iya amsa wannan siffar.

Launin ya riga ya rage mana aiki. Kwabban da aka fara kawowa a 1907 har zuwa 1951 farare ne, gaurayen jan ƙarfe da nikel, kuma sun fi faɗi. Sai a 1952 aka koma jan nan na tagulla, aka rage girmansa. Ba kuma na Tarayyar Nijeriya ba ne na 1959, don shi FEDERATION OF NIGERIA ke kewaye da tauraronsa, sunan Sarauniya ne kuma a kansa.

Na farko shi ne kwabon 1952 na yau da kullum. Sunan Joji a gaba, 1952 a baya, komai ya dace da zamaninsa. An buga shi da yawan gaske, ya zaga Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, ƙasashe huɗun da ke cin kuɗi ɗaya a lokacin. Irinsa ne a da tsofaffinmu ke zurawa a zare su ɗaure a bakin zane, goma sha biyu sule guda. Har gobe ana tsintarsa a gindin tsohuwar adaka.

Na biyu kuskuren ma'aikata ne. A 1956 aka fara buga kwabon da sunan Sarauniya Elizabeth. A masana'antar Heaton da ke Birmingham, sai aka haɗa tsohon hatimin gaba mai sunan mahaifinta da sabon hatimin baya mai 1956, wasu kwabbai suka fita a haka. Masu tara tsofaffin kuɗi na Turai suna kiran irin wannan alfadari, tunda uwa daban uba daban, kuma suna nemansa ruwa a jallo. An taɓa yin irin wannan a 1945, inda sunan Edward na Takwas ya fito, mutumin da ya sauka daga sarauta tun 1936.

Ta gaba ba za ka raba su ba: kambi ɗaya, suna ɗaya, rubutun Larabci ɗaya mai cewa wahid fini a ƙarƙashin hujin. Rigimar duka tana kan lambar ƙarshe ta shekara. Ita 2 ƙafarta a miƙe take kamar an ja layi, kanta ya lanƙwasa ya buɗe ta hagu. Ita 6 ƙasanta kewayayye ne rufaffe, wutsiyarta ta tashi sama ta karkata dama. Tagullar da ta shekara saba'in a ƙasa takan yi koren tsatsa, tsatsar ta cike lungun da ke tsakanin wuyan 2 da ƙafarta, sai ido ya ga ciki a inda babu ciki. Shi ya sa, in ka tambaye ni, na fi karkata ga 1952. Amma ban yanke ba sai ka duba, domin na kuskuren ma da shi aka yi ciniki a kasuwa, yana iya faɗuwa daga aljihun kowa.

Shiga ɗaki mai duhu, ka kwantar da kwabon a tebur, ka haska fitilar waya daga gefe, kusan a kwance, kana juya shi a hankali. Inuwa za ta fito da ƙasan lambar. Daga nan nemi ɗan mitsitsin harafin masana'anta. Na kuskuren H ne da shi, wato Heaton. In ka ga KN, wato masana'antar Kings Norton, magana ta ƙare, na 1952 ne. In H ka gani, ba a rabu ba tukuna, don Heaton ta buga na 1952 ma, sai ka koma kan lambar.

Don Allah kada ka sa masa lemun tsami ko toka ko yashi. Na san hannu na ƙaiƙayin ya gan shi yana ƙyalli, amma tsami na cinye saman lambar, shaidar da muke nema ta tafi, in kuma na 1956 ne darajarsa ta zube. Jiƙa shi a ruwa mai tsabta kwana biyu, ka ɗaga ƙasar da tsinken sakace a hankali, ka shanya ya bushe sarai. Sannan ka ɗauko mana hoton shekarar daf da daf, da hasken gefen nan, mu taru mu duba ƙafar lambar.