Garejin da ya yanke tsatsar Land Cruiser ɗina maimakon ya rufe ta da fila

Duk mai tsohuwar motar shiga daji wadda tsatsa ta huda, kuma yana son ya ci gaba da morarta ba wai ya gyara fuskarta ya kai kasuwa ba, ina ba shi shawarar irin garejin da ya yi mini aiki. Gareji ne na fanel bita a wani lungu kusa da Ƙofar Ruwa a Kano, rumfar kwano ce da rami ɗaya, da maigidan da yaransa masu koyon aiki. Aikinsu na ƙarfe ya gamsar da ni ƙwarai. Fentinsu da cika alƙawarin lokaci kuwa akwai gyara, zan zo kansu.

Motar Land Cruiser ce 75 mai buɗaɗɗen baya, da injin 1HZ na dizal, silinda shida, lita 4.2, irin wanda Toyota ta fara sakawa a 1990. Wannan inji ba ya mutuwa da wuri, shi ya sa za ka ga bodi ya ruɓe inji na nan garau. Tawa daga Turai ta zo ta Kwatano, kuma can ana watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, gishirin nan ya shige kowane saƙo na ƙarƙashin mota ya zauna. Da ta iso nan sai ta faɗa aikin gona a Kadawa: lakar fadama da damina, buhunan takin zamani a bayanta, wani ya fashe ya zube a kwana, raɓa ta sauka a kai. Taki yana cin ƙarfe fiye da yadda manoma da yawa suke zato.

Abin da na gani da idona rami biyu ne, ɗaya a ƙasan wajen ƙafar direba, ɗaya a gindin ƙofar hagu. Maigidan bai yi maganar kuɗi ba sai da ya sa aka ɗaga kafet, aka cire kujeru, aka wanke ƙarƙashin motar. Sannan ya ɗauki sukundireba yana caka duk inda fenti ya kumbura. Inda ƙarfe ke da rai za ka ji ƙara tsaf, inda ya mutu kuwa sai bakin sukundireban ya nutse, jan gari ya zubo. Ramin wajen ƙafa da nake gani kamar faɗin tafin hannu, da ya gama caka ya zagaye shi da alli, ya kusa kaiwa gindin kujera. Ya kuma bi gefen bodin da mayen ƙarfe. A saman tayar baya mayen ya ƙi kamawa, ya faɗo ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, nan ba ƙarfe ba ne, fila ce. Wani ya taɓa yin aiki a nan." Da suka sa giranda, sai ga fila, wato ƙullun da ake shafawa a cike lotsawar bodi, mai kauri kamar yatsa, an liƙa ta a kan ragar waya, bayanta duk tsatsa ta ci gaba da cinta.

A nan ne garejin ya bambanta da galibin waɗanda na sani. Fila ba ta kashe tsatsa, ɓoye ta take yi, kuma tana shan danshi ta baya in an bar rami a buɗe. Motar da ke hawa gargada kullum bodinta na murɗawa, ba a jimawa filar za ta tsage ta faɗo da fentin gaba ɗaya. Shi maigidan dokarsa ɗaya ce: a yanka har sai an kai farin ƙarfe mai ƙyalli, a ƙara ɗan yatsa ɗaya bayan nan, sannan a yi maganar faci. Kuma ya kira ni na zo na ga ramukan a buɗe kafin a rufe komai. Wannan kiran kaɗai ya sa na amince da shi.

Yadda yake haɗa facin abin kallo ne. Yana ɗora kwali a kan ramin, ya bi gefen da yatsa mai baƙin mai har siffar ta fito, ya yanke kwalin da almakashi, ya zana a kan farantin ƙarfe. Farantin da ya zaɓa kaurinsa wajen milimita 1 ne, daidai da na bodin, domin in ka haɗa mai kauri da siriri, siririn ne zai ƙone kafin mai kaurin ya narke. Ƙasan mota yana da layukan da kamfani ya matse don ƙara masa ƙarfi. Sai ya ɗora farantin a kan wani guntun ƙarfe mai kwari, ya bi shi da guduma a hankali har layukan suka fito, suka dace da na asali. Gindin ƙofar kuwa ya ce kada mu wahalar da kanmu, ya tura yaro cikin kasuwa ya samo tsohuwar ƙofar da samanta ya lotse amma ƙasanta lafiya, aka yanko abin da ake buƙata.

Bai ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ba, baki da baki ya haɗa su. Na tambaye shi dalili, ya ce duk inda ƙarfe biyu suka hau juna, ruwa zai sami wurin kwana a tsakani. Da waldar kabaid ya yi bodin, wadda yawancin masu fanel bita ke amfani da ita, domin waldar lantarki ta sanda huda siririn ƙarfe take yi. Matsalar kabaid zafi ne mai yawa da ke sa faranti ya lanƙwashe. Don haka ɗigo-ɗigo yake yi, ya ɗiga nan, ya tsallaka can nesa, ya dawo, yana bubbuga wurin da guduma tun da zafinsa, yaro na tokare wurin da dunƙulen ƙarfe ta baya. Injin MIG, mai walda da siririyar waya, zai fi wannan tsabta da sauri, amma ba su da shi, kuma hannun mutumin ya rufe giɓin. Filar da ya shafa a ƙarshe siririya ce, ta share tabon walda kawai. Mayen ƙarfe yana kamawa a ko'ina.

A shasi ma an sami matsala, wajen da bodi ke zama a kan roba ta baya ya ci rabi. Nan ya canza salo, ya kawo ƙarfe mai kauri, ya yi da waldar lantarki, bayan ya cire kan batir ya kuma kare bututun mai da jiƙaƙƙen buhu. Ya gaya mini gaskiya cewa da ruɓewar ta kai dogon ƙarfen shasin kusa da inda sifirin ke kamawa, da ba zai karɓi aikin ba.

Yanzu ga inda suka gaza. Lokacin da suka ɗiba mini ya ninka, wani ɓangare saboda rashin wuta, wani kuma saboda suna karɓar ƙananan ayyuka a tsakani, kuma ba sa kira su faɗa sai ka je. Na biyu, wanda ya fi damuna: sun so su rufe aikin ba tare da sun shafa komai a bayan facin ba. Ƙarfen da wuta ta taɓa shi ne farkon mai yin tsatsa, in ba a rufe shi ciki da waje ba aikin banza aka yi. Sai da na tsaya aka shafa jan fentin hana tsatsa ta ƙasa, aka toshe bakin haɗin da gam, aka buɗe ƙananan ramukan da ke gindin ƙofa waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu, sannan aka fesa baƙin mai a cikin ƙofofi da shasi. Na uku, launin fentin bai hau daidai ba, sabon farin ya fi tsohon haske, da rana ana gane wurin facin daga nesa. Kuma raina bai so ganin yaran suna gurza ƙarfe ba tabarau ba. Na faɗa wa maigidan, domin ɓarɓashi ɗaya ya isa ya ɗauke wa yaro ido.

Kuɗin ya kusa ninka abin da wani gareji ya nema don ya cike ramukan da fila ya fesa fenti. Motar ta yi damina guda tun bayan aikin, ta shiga laka har gindin ƙofa, na ɗaga kafet na duba, ƙasan a bushe yake, babu kumburi a fenti ko ɗaya. Yanzu ina shimfiɗa tamfol kafin a loda taki, ina kuma sa a wanke ƙarƙashinta duk lokacin da ta dawo daga fadama. Bakin gilashin gaba ya fara nuna ja a kusurwar dama, kuma garejin nan zan mayar da ita da rani, amma fenti a wani wuri za a yi shi.