Na kai motata gyaran kiranye na matsalar giya, ga yadda na ga aikin

Jama'a duk mai motar otomatik ya ɗan tsaya ya karanta wannan dan Allah. Na kai tawa gyaran nan da kamfani ke yi kyauta in sun yi wa mota kiranye, wato sun gano ta fito da lahani tun daga masana'anta sun ce a dawo da ita, kuma ina da abin faɗa mai daɗi da mara daɗi. Gyaran kansa ya yi kyau sosai, ban biya komai ba, amma yadda labarin ke isa kunnen mai mota a nan ne gizo ke saƙa, dan saura kaɗan ni kam ban ma san akwai shi ba.

Lahanin tawa a kebur ɗin giya yake. Akwai kebur da ya taso daga sandar giya ya tafi har giyabos, a bakinsa akwai wani ɗan ƙaramin bushin na roba da ke riƙe shi, toh zafin inji da danshi ne ke cin robar nan a hankali har ta tsage kebur ya zame. In ya zame kai kana tura sanda zuwa P, hannunka ya gaya maka ka yi fakin, alhali giyabos ɗin yana nan inda ka bar shi, ko a firi ko a ribas ko a D, wato giyar tafiya gaba. Ka kashe mota ka fita hankalinka kwance, in wurin da ɗan gangare sai ta kama hanya ba kowa a ciki.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne P ɗin nan ba birki ba ne sam, ko taɓa birkin taya ba ya yi. Wata 'yar ƙugiyar ƙarfe ce a cikin giyabos da ba ta wuce girman yatsa ba, ita ce ke faɗawa tsakanin haƙoran wani faifai ta hana shi juyawa, kaman dai sakatar ƙofa. Duk nauyin motar a kanta yake ratayewa. Shi ya sa in ka yi fakin a gangare ba ka ja birkin hannu ba za ka ji motar ta ɗan gusa sannan ta tsaya, in ka zo fitar da giya kuma ka ji wani ƙum mai ƙarfi. To in ƙugiyar ba ta shiga ba kwata-kwata saboda kebur ya zame, me ya rage ya riƙe motar? Babu.

Ni a hannu na sayi motar, ba sabuwa ba, kuma takardar kiranye sunan wanda ya fara saye take bi ko wanda rajista ta nuna, saboda haka ba abin da ya zo min. Sandar giyar ce na ji ta fara yin sako-sako, wani lokacin harafin da ke haske a dashbod ba ya daidaita da inda sandar take sai na ɗan jijjiga ta. Shi ne na ɗauki lambar shasi, wadda take da haruffa da lambobi 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, na saka a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, nan take ya nuna min akwai kiranye da ba a yi ba. Wallahi sai da gabana ya faɗi, dan yara na shiga su fita a motar nan kullum, kuma bayanta suke zagayawa. Shi wannan shafin, motocin da aka ƙera dan kasuwar Amurka yake nunawa, in taka ta Ingila ce ko Kanada su ma hukumominsu na da nasu shafin, haka yawancin kamfanoni suna da wurin saka lambar shasi a shafinsu.

Da na kira wakilin kamfanin sun amsa da mutunci, sun duba lambar sun tabbatar, amma wai kayan gyaran ba su iso ba sai na jira. Jiran bai dame ni ba kaman yadda shirunsu ya dame ni. Mutum ya gaya maka motarka na iya gangarawa da kanta, sannan ya ce za mu kira ka ya aje waya, ba tare da ya ce maka ga abin da za ka dinga yi kafin nan ba! Sai da na sake kira na tambaya sannan aka ce min ai ka dinga jan birkin hannu duk sanda ka tsaya, kuma ka tabbatar P ta fito a dashbod kafin ka ɗaga ƙafa daga birki. Wannan maganar ya kamata a ce ita ce ta farko da ke fita daga bakin duk wanda ya ɗaga wayar, tun kafin ya tambayi sunanka.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan tazara tsakanin sanarwa da gyara, an yi asarar rai a cikinta. A watan Afrilun 2016 kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci sama da miliyan 1.1, cikinsu har da Jeep Grand Cherokee ƙirar 2014 da 2015 da Dodge Charger da Chrysler 300, saboda wata sandar giya ta lantarki da ke komawa tsakiya duk inda ka tura ta, sai direba ya ɗauka ya sa P alhali bai kai ba. A watan Yuni na shekarar, ɗan wasan fim Anton Yelchin mai shekara 27 ya fita daga Jeep ɗinsa a ƙofar gidansa a Los Angeles, motar ta gangaro ta matse shi da ginshiƙin shinge ya mutu, gyaran bai riga ya kai ga motarsa ba. Kuma gyaran nan manhaja ce kawai da ke jefa motar a P da kanta in direba ya buɗe ƙofa. A Disambar 2017 ma an kira motocin a-kori-kura na Ram kusan miliyan 1.8, su kuma ɗan makullin da ke hana sanda barin P sai an taka birki ne yake maƙalewa, ka ga ko yaro na iya ture ta. In ka koma baya zuwa 1980 kuwa, lokacin da aka yi ta ƙorafin motocin Ford na zamewa daga P zuwa ribas, maganar ta ƙare ne da aika wa masu motoci sama da miliyan 20 sitikar gargaɗi su manna a dashbod. Dan haka ni ban raina gyaran kyauta na yanzu ba, an yi nisa.

Ranar da aka kira ni aikin bai ɗau lokaci ba. Bakaniken da ya yi min shi ne ya wanke min zuciya gaskiya, ya kira ni ya nuna min tsohon bushin ɗin a tafin hannunsa, ya bushe ya tsattsage, da ya ɗan matsa shi da yatsa sai ya ɓare, ya nuna min sabon da ya sa, sannan ya zauna ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya a gabana muna kallon dashbod tare. Sandar ta dawo da ƙarfinta, kana jin kowane giya yana shiga ƙas. Na roƙe shi ya duba birkin hannun ma tunda shi ne madogara, ya ce ya ɗan saki, ya ɗaure min.

Wanda ke kan teburin karɓar baƙi shi kuma ya miƙo min doguwar takardar wasu ayyuka, canjin man giya, filta, kaza da kaza, yana magana kaman duk cikin aikin ne. Ba cikinsa ba ne. Kiranye daban, wannan kasuwancinsu ne daban, kana da damar cewa a'a, kuma a dokar Amurka gyaran kiranye kyauta ne ga motar da ba ta wuce shekara 15 da fara sayar da ita ba, ko kai ne mai ita na farko ko na biyar. Ka karɓi takardar da ke nuna lambar kiranyen da ranar da aka yi, ni na aje tawa tare da takardun mota, daga baya na sake saka lambar shasi a shafin na ga ya goge.

Yanzu ga yadda nake fakin ko a fili ne ba gangare: ƙafa a kan birki, in ja birkin hannu, in ɗan saki ƙafa motar ta zauna a kansa, sannan in sa P in kalli dashbod, in kan tudu ne kuma in karya sitiyari tayoyin su kalli gefen hanya. Mai shirin sayen mota a hannu kuma ya duba lambar shasi kafin ya biya, kar ya dogara da mai sayarwa, dan ko a Amurka dokar tarayya sababbin motoci ta hana a sayar da kiranye a kansu, ba ta hana dillalan tsofaffi ba. In ka riga ka saya, ka kira kamfanin ka ba su sunanka da adireshinka a matsayin sabon mai ita, dan takarda ta gaba ta zo hannunka.