Asana da ƙananan ayyuka: igiyar tana nan, amma a sake take

Asana, manhajar tsara aiki da Dustin Moskovitz da Justin Rosenstein suka kafa kamfaninta a 2008, tana da sauƙi wajen tsaga babban aiki zuwa ƙanana. Ka buɗe aikin, ka danne maɓallin Tab tare da S, ƙaramin aiki ya fito a ƙarƙashinsa. Shi ma ana iya yi masa 'ya'ya, har hawa 5. Nan ba abin kushewa.

Matsalar tana wajen gado. Ɗan aiki ba ya gadon komai daga uwarsa kai tsaye: ba wanda aka ɗora wa aikin, ba ranar gamawa, ba kundin (wato project, inda ake tara ayyuka masu alaƙa) da uwar take ciki. Ka ɗauka an buɗe "Rahoton ƙarshen wata" da 'ya'ya 6. Idan ba a bi su ɗaya bayan ɗaya an sa suna da rana ba, shidan nan za su zauna babu mai su. Kuma tunda a lissafin manhajar ba 'yan kundin ba ne, ba lallai su fito a kalandarsa ba. Maganin shi ne a buɗe ɗan, a danne Tab da P, a saka shi cikin kundin. Sai dai fa daga nan zai bayyana sau biyu, a gindin uwa da kuma cikin jerin kundin, wanda ke rikita sabon shiga.

Abin da ya fi cizo shi ne rufewa. Ana iya rufe uwa alhali 'ya'yanta na buɗe. Uwar ta ɓace daga ido, 'ya'yan su ci gaba da zama a jerin ayyukan ma'aikata da suna irin "Duba" ko "Aika", sunan uwar kuma ɗan mitsitsi a gefe. Duba me? Aika wa wa? Shi ya sa ya kamata kowane ɗa ya ɗauki sunan da zai tsaya da ƙafarsa, kamar "Aika rahoton wata ga akanta".

Jira, manhajar tsara aiki ta kamfanin Atlassian, ta fi riƙe igiyar da ke tsakanin uwa da 'ya'ya da ƙarfi. Dole ɗa ya zauna a kundi ɗaya da uwarsa, ba ya haihuwar nasa 'ya'yan, yana bin uwar duk zangon aikin (wato sprint, ɗan wa'adin da tawaga ke ware wa wasu ayyuka) da aka kai ta, kuma mai kula da tsarin yana iya sa sharaɗin da zai hana rufe uwa sai an gama da 'ya'yan. Takura ce, amma aiki ba ya zama maraya. A kiyaye dai, goge uwa yana tafiya da 'ya'yanta.

Ga ƙaramar tawaga, Asana ta wadatar muddin ba a wuce hawa 2 ba, kuma akwai mai leƙa 'ya'ya kafin a rufe uwa. Inda ake son manhaja ta tsare ƙa'ida da kanta, Jira ce ta dace.