But ko sandal mai rufaffen baki: wanne za ka taka zuwa magangarar ruwa?

Ɗan'uwa, ka tambayi takalmin da za ka saya don zuwa magangarar ruwa. To, tsakanin but ɗin (takalmi mai dogon wuya) da ba ya shan ruwa da sandal mai rufaffen baki, sandal ɗin za ka saya.

Nawa shekararsa huɗu ke nan a ƙafata. Ranar da na san darajarsa, mun yi tafiyar kusan awa biyu a cikin gandun daji muna hawa, sau uku muna tsallaka rafi kafin mu fara jiyo rugugin ruwan. Abokan tafiyata kowane rafi sai sun zauna sun kwance igiya, sun cire safa, sun tsallaka da ƙafa tsirara a kan tsakuwa suna ɗingishi. Ni kuwa kutsawa kawai nake yi, ruwan ya shiga ta nan ya fita ta can. Da muka isa gindin dutsen, feshin ruwan ya jiƙa komai, duwatsun sun yi baƙi suna ƙyalli. Na yi wani mugun tuntuɓe da har cikin haƙorana na ji shi, amma robar da ta rufe yatsun ce ta sha dukan. Da silifa ce, da farcen babban yatsana can na baro shi. Kafin mu sauko ƙasa takalmin ya bushe.

But ɗin kuwa na taɓa saya, yana nan ajiye. Gaskiya yana riƙe idon sawu, amma da zarar ruwa ya zuba ta bakinsa ba shi da hanyar fita, haka na wuni ƙafa cikin jiƙaƙƙiyar safa har ta yi bororo. Sai dai in wurin da za ku yana da tsayi sosai, to ka sake tunani, domin duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, kuma sandal ba ya maganin sanyi.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. Ka yi hattara da masu sayar da jabu, musamman a intanet. Akwai wani tambari rawaya mai kusurwa takwas a ƙasan takalma masu kyau, na Vibram, kamfanin Italiya da Vitale Bramani ya kafa a 1937, bayan abokansa shida sun rasu a kan tsauni a 1935. 'Yan damfara sun san mutane na neman tambarin nan, sai su liƙa shi a kan busasshiyar roba mai kama da filastik. Ka juya takalmin ka danna ƙasansa da farce. Roba ta ƙwarai tana ɗan lotsawa ta dawo, in ka goga ta a kan tayil kuma za ka ji tana kamawa. In ta yi tauri kamar katako, ajiye musu kayansu ko da wace rantsuwa suka yi maka. Ka gwada takalmin a ƙafarka da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar sararin yatsa ɗaya a gaba saboda gangara.

Don Allah, ko wane takalmi ka sa, kar ka taka dutsen da gansakuka ta rufe, babu robar da ke kama shi. In kuma ka ga ruwan ya fara komawa launin ƙasa yana ɗauko ganye da itace, an yi ruwan sama a can saman tsaunin ko da ku ba ku ga hadari ba. Ku hau tudu nan take, hoton ya jira.