Na sayi littafin Larry King don in koyi yin tambaya

Wata shida da fara gabatar da shiri a gidan rediyo, furodusana ya ce mini tambayata ta fi amsar baƙo tsawo. Shi ya sa da na ga littafin tarihin rayuwar Larry King, shahararren mai hira da baƙi a rediyo da talabijin na Amurka, "My Remarkable Journey" na 2009, wajen mai sayar da tsofaffin littattafai, ban ko yi ciniki ba.

Farkonsa ne ya riƙe ni. Lawrence Zeiger sunansa na yanka, ɗan Brooklyn, an haife shi a 1933, mahaifinsa ya rasu yana da shekara 9. A 1957 ya tafi Miami, ya samu aikin share-share da aike a wata ƙaramar tashar rediyo. Ranar da za a saka shi a iska, manaja ya ce sunan Zeiger ba zai shiga kunne ba, sai suka tsinci sunan King a tallan wani kantin giya cikin jarida. Aka kunna makirufo, bakinsa ya bushe, ya ɗaga kiɗa ya sauke, ya sake ɗagawa, ba kalma. Da ya samu magana, gaskiya ya faɗa wa masu sauraro: yau ce ranarsa ta farko kuma tsoro yake ji. Wallahi a wannan shafin kaina na gani.

Bai ɓoye bashi da caca da kamun da aka yi masa a 1971 ba, tuhumar da daga baya aka janye. Amma da aka shiga zamanin CNN, inda ya yi shiri daga 1985 zuwa 2010, labarin ya koma jerin manyan mutanen da ya zauna da su. Nan na riƙa tsallake shafi.

Dabararsa kuwa gajeriyar tambaya ce, sannan ya yi shiru ya saurara. Ba ya ma karanta littafin baƙo kafin hira, wai don ya tambaya kamar mutumin da ke gida. Wannan ban yarda da shi ba. Ɗan siyasa mai wayo zai zille maka in ba ka yi shiri ba.

Gajarta tambayar dai na gwada ranar Talata. "Me ya sa?" kawai na ce wa baƙona, ya yi minti huɗu yana zuba.