Na gwada magani kala huɗu a gwiwar hagu, na shafawa ne ya zauna min

Shekara biyu kenan gwiwata ta hagu na min ƙara idan zan tashi daga zaune, hawa bene kuwa sai na dafa bango, likita ya duba hoto ya ce amosanin gaɓɓai ne irin na zaizayewar guringuntsi. Tun daga nan nake yawo tsakanin magungunan da ake saya a kemis ba tare da takarda ba, to bari in faɗi yadda na same su.

Farasitamol na fara da shi kamar kowa. Gaskiya bai min komai ba sai ɗan sassauci na awa uku zuwa huɗu, kuma dama shi ba ya taɓa kumburi, zafi kawai yake ragewa. Abin da na so da shi bai taɓa tayar min da ciki ba. Amma a kula, babba kar ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya takwas ta 500mg, kuma yawancin magungunan mura akwai shi a ciki, sai mutum ya haɗa biyu bai sani ba, hanta ce ke biyan bashin.

Ibufurofen kam ya yi aiki, ba zan ci amanarsa ba, 400mg bayan cin abinci cikin awa ɗaya sai in ji gwiwar ta saki kamar an kwance ɗauri. Matsalar ni ce na mayar da shi abincin kullum, safe da dare kusan wata guda, har wani dare na farka ƙirjina na ci da wuta, bakina tsami, na zauna bakin gado ina danna saman cibiya har gari ya waye. Mai kemis ɗin da na je wurinsa washegari ya kalle ni ya ce, "Yaya, wannan ai ba na sha kullum ba ne, wa ya ce ki yi wata a kansa?" Ba wanda ya ce, ni na rubuta wa kaina. Ibufurofen da dikilofenak da nafrokzen da asfirin duk dangi ɗaya ne, suna rage sinadarin da ke kawo kumburi amma wannan sinadarin dai shi ke kare bangon ciki, shi ya sa olsa da zubar jini ke biyo baya, ga ƙoda, ga hawan jini da suke ƙara ingizawa. Wanda ya sayi ibufurofen da kansa kar ya haura 1200mg a rana, kuma kar a haɗa biyu daga dangin nan wai don ya fi ƙarfi. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai shan maganin tsinka jini, mai ciki, duk su tambayi likita tukuna.

Sai dikilofenak na shafawa, wanda shi ne na tsaya a kansa. Kwana biyun farko na ce kuɗina sun tafi a banza wallahi, ba abin da na ji sai sanyi-sanyi da ɗan wari kamar na sifirit, ashe sai an jure, wajen kwana biyar zuwa sati na lura na sauko daga bene ban nemi bango ba. Kaɗan ne daga maganin ke shiga jini idan aka kwatanta da ƙwaya, shi ya sa cikina ya huta. Ba ra'ayina kaɗai ba ne ma, hukumar NICE mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani a Birtaniya, a ƙa'idarta ta 2022 irin wannan na shafawar ta sa a gaba ga ciwon gwiwa. Aibinsa wahala, na wajena sau huɗu a rana ake shafawa kuma ta tsakar rana kullum sai na manta, ga jiran ya bushe kafin ka saki tufa a kai, kuma ba a sa shi a kan rauni. Gwiwa da yatsu yake kamawa, ƙugu ya masa zurfi.

Na huɗun man kafsaisin ne, wanda ake yi da sinadarin zafin barkono, an ce sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa, ni ban kai ba. Rana ta uku na shafa na manta ban wanke hannu da sabulu ba na murza ido, abin da na gani ba zan so wa maƙiyi ba, tun ranar yana cikin durowa.

Wata ƙawata ta karɓi sunan dikilofenak ɗin shafawar ta saya, ita yatsun hannayenta biyu ne ke kumbura su sandare fiye da awa guda kowace safiya, bai mata komai ba. Da ta je asibiti aka ce nata irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓɓai ne, maganinsa daban kuma sai likita ya rubuta, yanzu wata na uku tana kansa.